Ina zaune a Gombe da wannan ranar tamu, wai kuma likita yace bani da bitamin D

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ni matar aure ce a Tumfure nan Gombe, shekarata 33, yarana huɗu, ta ƙarshen watanta 7 ina shayar da ita. Ɗinki nake a cikin gida. Tun da na haihu jikina bai koma daidai ba, baya ciwo, ƙugu ciwo, cinyoyi kamar an ɗaura min dutse, in na tsuguna wanke-wanke sai na dafa bango kafin in miƙe. Da sanyin nan ya shigo abun ya ƙaru. Maganin maleriya da taifod kam na sha har na gaji. A watan Janairu likita yasa nayi gwajin jini ya fito wai bitamin D ɗina 11 ne, yace yayi ƙasa sosai, ya rubuta min wani kafso mai 50,000 in sha ɗaya duk sati har sati 8. Maigida yace cin kuɗi ne kawai, wannan ciwon Turawa ne, ranar Gombe da ko jaki inuwa yake nema. Surukata tace sanyi ne ya kamani, in bari bazara ta shigo zai tafi da kanshi. Wata ƙawata kuma tace in dinga shan kafson kullum in warke da wuri. Ni kuma abun da ke damuna in rana ake so in sha, da hijabi da niƙabi nake fita, ya zanyi? Har yanzu ban fara shan maganin ba.
Maman Hanifa

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ƙara sauƙi, ya raya mana yaran.

Kafin komai, ki ɗauko maganin nan ki fara sha a satin nan, kuma yadda likita ya rubuta, ɗaya a sati. Ki zaɓi rana guda, ko Juma'a ce, ki sa alama a kalanda ko ƙararrawa a waya, ki sha bayan kin ci abinci mai ɗan maiƙo domin shi bitamin D a cikin mai yake narkewa, in kika haɗiye shi da ruwa cikinki wayam ba duka jiki zai ɗauka ba. In baki faɗa wa likitan kina shayarwa ba ki koma ki faɗa mishi, ba wai don an hana mai shayarwa sha ba, a'a, don ya san da zancen ya kuma duba jaririyar. Shawarar ƙawarki kuma dan Allah ki ajiye ta can gefe. Na san da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma babban mutum abun da yake buƙata a rana IU 600 ne (IU shine ma'aunin da ake ƙirga bitamin D da shi, irin 50,000 ɗin da ke jikin kafsonki), wanda ya haura shekara 70 kuma 800, sannan iyakar da aka yanka kada mutum ya wuce a rana ba tare da likita ba ita ce 4,000. Toh ki auna 50,000 kullum. Shi ba irin bitamin C bane da in yayi yawa zai bi fitsari ya fita, taruwa yake a jiki, sai ya sa kalsiyam, sinadarin nan da ke gina ƙashi, yayi yawa a jini, daga nan sai tashin zuciya, amai, ƙishirwa da fitsari ba ƙaƙƙautawa, bushewar ciki, har tsakuwar ƙoda ko ƙodar ta samu matsala. An je neman ƙiba an samo rama kenan.

Sai lambar nan 11. Ki duba takardar gwajin, za ki ga an rubuta 25-OH D ko makamancin haka, a gefen lambar kuma akwai ng/ml ko nmol/L. Ki lura da wannan don ma'auni biyu ne ake amfani da su, ɗaya in kika ninka shi sau biyu da rabi shine zai baki ɗayan, wato 11 a ng/ml kusan 28 kenan a nmol/L. Mata da yawa na ruɗewa a nan, wata yayarta tana Ingila ta turo mata tata takardar ta ga 40 a nmol/L ita kuma nata 18 a ng/ml sai hankalinta ya tashi, alhali in aka mayar da su ma'auni ɗaya 18 ɗin ma ya fi. A ng/ml, ƙasa da 12 ƙaranci ne na gaske wanda ke taɓa ƙashi, 20 zuwa sama ya wadatar da yawancin mutane. Ko ta wane ma'auni aka karanta naki dai yayi ƙasa, likitanki bai zalunce ki ba. Kuma wannan dafa bangon kafin ki miƙe, da ciwon ƙugu da cinya, shine ainihin yadda abun ke nuna kanshi a jikin manya, ƙashi ya ɗan yi laushi, naman cinya da na ɗuwawu yayi rauni, wata ma in abun yayi nisa tafiyarta sai ta koma kamar ta agwagwa.

Maganar maigida kuwa, gaskiya rabinta daidai ne, kada ki je kina musu da shi kan abun da ya fiki gaskiya. Yawancin bitamin D ba daga tukunya yake zuwa ba, fatar mutum ce ke haɗa shi idan wani sashe na hasken rana da ake kira UVB ya sauka a kanta. Daga fata ya shiga jini, hanta ta juya shi, shine wanda aka auna miki, sannan ƙoda ta sake juya shi ya zama mai aiki, aikin nashi kuma babba shine taimaka wa hanji ya tsotse kalsiyam daga abinci ya kai wa ƙashi. Shi UVB ɗin nan sai rana ta ɗago sama sosai yake isowa ƙasa da ƙarfi. Shi yasa ƙasashen da ke can arewacin duniya suke shan wahala, a Ingila daga wajen Oktoba zuwa Maris ko tsirara mutum ya kwanta a rana fatarshi ba abun kirki da za ta haɗa, har hukumar lafiyarsu ke ba kowa shawarar shan IU 400 kullum a watannin. A birnin Boston na Amurka an gwada tun 1988 aka ga daga Nuwamba zuwa Fabrairu haka abun yake. Mu Gombe da Bauchi muna wajen digiri 10 ne arewa da tsakiyar duniya, duk wata goma sha biyun nan ranarmu tana da ƙarfin yin aikin. Zuwa nan maigida ya ci.

Inda ya faɗi shine, ranar da ke waje ba ita ce ranar da ke taɓa fatarki ba. Ki ɗan bi yininki da ido. Kin tashi asuba, kin shirya yara, kin shiga kicin wanda yake cikin gida, kin fito kin hau keken ɗinki a falo ko ɗaki labule a sake, fanka na juyawa in akwai wuta. Irin ginin da ake yi yanzu a su Tumfure flat ne, kicin da banɗaki duk a ciki, tsakar gidan ɗan siriri ne mota ta cinye rabi, wasu ma sun rufe saman da kwano saboda zafi. Shanya kaɗai ke fitar da ke, minti biyar, ita ma in akwai yarinyar da ta tasa ita ake turawa. In za ki unguwa kuma sai bayan la'asar, hijabi har ƙasa, niƙabi, safa, ki faɗa keke napep mai rufi daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida. Toh ta ina ranar ta ganki? Iyayenmu su ma suna kulle fa, amma kullen nasu a tsakar gida ne mai faɗi sama a buɗe, da ɗaurin ƙirji suke daka, suke tankaɗe, suke girki a murhu, suke wanki, kafaɗa da hannu da baya duk a rana tun hantsi har azahar. Ba su san sunan wani bitamin ba amma suna samu. Kuma kada ki ce ai rana na shigo miki ta taga tana dukan bayanki kina ɗinki, gilas yana tare UVB, zafin ne kawai ke wucewa. Haka na mota.

Ba kuma ke kaɗai bace. A 2020 mujallar Lancet Global Health ta buga wani nazari da ya tattaro bincike masu yawa da aka yi a Afirka, aka samu kusan mutum 1 cikin 3 nashi bai kai 20 ɗin nan ba, kuma abun ya fi yawa a mata, da jarirai, da mutanen birni. A gefe guda an auna Masai makiyaya da Hadza mafarauta a Tanzaniya masu yini a fili, aka ga nasu a tsakaice wajen 46 ne. Nahiya ɗaya ce, amma babban bambancin shine ina mutum ke yini kuma me ke jikinshi. Shi kanshi maigidan in ɗan ofis ne ko mai shago a cikin kasuwa ƙarƙashin rumfa, kaftani dogon hannu da hula, mota mai baƙin gilas, wallahi ba mamaki in aka auna shi ya sha mamaki, amma wannan kada ki faɗa mishi da wannan sigar.

Fatarmu ma tana cikin lissafi. Baƙin da Allah ya mana kariya ce daga ƙunar rana, ita ce kuma ke sa sai mun fi farar fata daɗewa a rana kafin mu haɗa adadin da ita za ta haɗa cikin ɗan lokaci. Ga wanda ke yini a gona wannan ba komai bane. Ga mai fitowa minti biyar kam babban abu ne.

Yanzu maganar Hajiya surukarki, wai a jira bazara. Nan ne nake so ki nutsu, don ta ga wani abu na gaskiya, ciwon ya ƙaru da sanyi, fassarar ce kawai ta kauce. A Turai abun a tsare yake, in aka auna mutane a ƙarshen lokacin zafinsu wajen Agusta da Satumba za a ga nasu ya hau, a ƙarshen sanyi wajen Fabrairu da Maris ya faɗi, duk shekara haka, saboda ranar ce da kanta ke ja baya. Mu nan ranar ba ta zuwa ko'ina, mu ne muke canza hali da kaya duk lokacin da yanayi ya juya. Da hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, rana ta ɗan karkata kudu, ga hazo, ƙurar nan da iska ke kwasowa daga Sahara ta wajen Chadi wadda wani lokaci da tsakar rana za ki kalli ranar ido da ido tayi fari fat ba ta kashe miki ido ba, wannan ƙurar tana rage UVB da ke isowa. Mu kuma sai mu ƙara da namu, rigar sanyi kan riga, safa, hular sanyi, a rufe ƙofa da taga saboda ƙura, har 'yan jin ɗumin da ke fitowa rana da safe a nannaɗe suke fitowa hanci kawai ake gani. Kinga in mace dama nata a bakin gaɓa yake, a watannin nan za ta ƙarasa faɗawa. Ga shi sanyi kanshi yana sa gaɓoɓi su ƙage, mutum ya rage motsi, ciwon da ke kwance ya tashi.

Toh sai bazara ta shigo, Maris, Afrilu, Mayu. A takarda wannan ne lokacin da ya kamata kowa nashi ya cika, rana a tsakar ka, sama tas. Amma ke da kanki kin san Afrilun Gombe, zafi ya kai digiri 40 ko ya wuce, wa ke fita? Daga ƙarfe goma kowa ya nemi inuwa, mata su baje a siminti a ɗaki, aiki sai da asuba ko bayan magariba, a fito tsakar gida shan iska da dare lokacin da ranar ta tafi. Macen da bata fito da sanyi ba, ba za ta fito da zafi ba, ƙara ɓuya ma za tayi. Shi yasa nake ce miki bazara za ta zo ta wuce ta barki inda ta sameki, ƙila ciwon ya ɗan lafa saboda jiki ya sake da ɗumi ki ɗauka kin warke, alhali ƙashin na nan yana ci gaba da rasa abincinshi.

Damina kuma ta raba mutane biyu. Manomi a Kumo ko Dukku ko Billiri da matan da ke fita gona, shuka, noma, maimai, su a lokacin ne ma suka fi shan rana, don hadari yana rage hasken ne ba ya toshe shi duka. Mutumin birni kuwa in marka ta sauka a Agusta sai ayi kwanaki sama a lulluɓe, tsakar gida a jiƙe, shanyar ma a ɗaki ake yinta. In kika tambaye ni lokacin da ya fi daɗin wannan aikin a wajenmu zan ce kaka, Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko ba, sanyi bai fara ba.

Kuma jiki baya ajiye shi na dindindin. Wanda ke yawo a jini duk sati biyu zuwa uku rabinshi ke tafiya in ba a ƙara ba, kamar randa ce mai ɗan yoyo a gindi, ba za ki cika ta da kaka ki ce za ta kai ki bazara ba, sai ana zubawa kaɗan-kaɗan. Wannan ne yasa gwajin Janairu yake baki labarin yadda kika yi Nuwamba da Disamba, kuma in aka auna mace ɗaya sau biyu a shekara lamba biyu za a iya samu.

Sai tambayar da na ga ita ta fi cin ranki. Ba wanda yace ki cire hijabinki a titi, kuma duk wanda ya ce miki sai kin zaɓa tsakanin suturarki da lafiyarki bai san gidan Bahaushe ba. A cikin gidanki za kiyi. Ki nemi inda rana ke sauka a tsakar gida ko bayan ɗaki wajen shanya, inda ba idon maƙwabta ko mai leƙe daga bene, ki sa sakata a get, ki fito da riga mara hannu ko ɗaurin ƙirji, zani ki ɗage shi zuwa gwiwa. Hannu, kafaɗa, baya, ƙwauri, su ne masu faɗi, fuska da tafin hannu kaɗai ba sa isa, fuskar ma kina iya kare ta da ɗankwali ko ki juya baya. Kamar minti 20 zuwa 30, sau uku ko huɗu a sati, da sanyi da hazo ki ɗan ƙara, da bazara ki rage ki ajiye ruwan sha kusa, in kika ji jiri ki tashi. Kada ki mayar da shi wani zama na musamman don ba zai ɗore ba, aikin da dama za kiyi shi za ki fitar waje, tsintar shinkafa, gyaran zogale, yankan kuɓewa, wankin kayan yarinya, ko yankan atamfar ma ki shimfiɗa tabarma a can kiyi. In gidan haya ne na haɗaka da maza ke shige da fice, ki duba lokacin da suka watse kasuwa, ko ki dinga yi a gidanku in kin je. In duk ba hali, toh ke kina cikin waɗanda ƙaramin ƙwaya na kullum ya dace da su bayan kin gama na sati 8 ɗin, ki tambayi likita wane adadi.

Lokacin fitowar shine inda kusan kowa ke kuskure. Tun muna firamare aka ce mana ranar safe ce mai bitamin D, shi yasa za ki ga an fito da jarirai da tsofaffi ƙarfe bakwai. Ranar ƙarfe bakwai tana da daɗi, tana gasa jiki, amma tana ƙasa-ƙasa, hasken ya ratso iska mai kauri kafin ya iso, UVB ɗin kusan duk ya tsaya a hanya. Ki duba inuwarki kawai. In ta fi ki tsawo, aikin kaɗan ne. In ta fara gajarta ta koma bata kai tsawonki ba, toh lokaci yayi, a nan wajenmu daga wajen ƙarfe goma ne zuwa uku. Ni na fi son goma zuwa sha ɗaya, kafin ta fara duka. Kuma daɗewa ba ya ƙara komai, in fata ta haɗa iya nata sai ta tsaya, shi yasa rana ba ta sa bitamin D yayi wa mutum yawa, ƙwaya ce ke yi. In kina shafa man bilicin ki sani fatarki ta yi laushi za ta ƙone da wuri, kuma da yawansu akwai sitiroyid a ciki, wani sinadarin magani mai ƙarfi, ni dai shawarata a daina gaba ɗaya, amma wannan zancen wata rana ne.

Ke kuma akwai abun da ya ƙara miki. Haihuwa huɗu, kowane ciki ɗan na ɗibar kalsiyam da bitamin D daga jikinki don gina nashi ƙashin, sai jego kwana arba'in a ɗaki wata har wata uku bata leƙa waje ba, sai shayarwa wadda ita ma kalsiyam take ja. Haka masu takaba, wata huɗu da kwana goma a ciki, da amaren da ake ɓoyewa daga rana kafin biki don su yi haske. Yarinyarki ma a duba ta, don nonon uwa duk da ba abun da ya kai shi bitamin D ɗinshi kaɗan ne, balle uwar da nata ya ƙare. Likitocin yara a Amurka IU 400 kullum suke cewa a ɗiga wa jariri mai shan nono, ki tambayi naki likitan ko ya rubuta mata. Kada ki shanya jaririya a ranar ƙarfe sha ɗaya fa. Sauran yaran ki lura da wuyan hannu in ya kumbura kamar an sa awarwaro a ƙarƙashin fata, maɗiga da ta daɗe bata rufe ba, jinkirin tafiya, ko ƙafa da ke ƙara bauɗewa bayan shekara biyu.

Abinci kuma kada a yaudare ki, zogale da lemo da kankana da dabino duk suna da amfaninsu amma ba bitamin D a ciki. Inda yake shine kifi mai maiƙo irin titus da shawa da sadin na gwangwani, sai hanta, sai gwaiduwar ƙwai, sai man hantar kifi da ake saidawa a kemis, da madara da bota da aka ƙara musu, ki karanta jikin gwangwanin. Ƙwai ɗaya wajen IU 40 ne kawai a ciki, kinga sai kin ci rabin kiret a rana kafin ki kai 600, maigida kuwa daga nan zai ce ciwon ya fi ƙarfin aljihunshi. Abinci taimako ne, ba zai ɗago 11 shi kaɗai ba.

Abun da ma nafi so ki riƙe a ɓangaren abinci shine kalsiyam, don nan maƙwabtanmu Jos an yi wani bincike da ya canza tunanin likitoci. Dakta Tom Thacher da abokan aikinshi sun ɗauki yara 123 masu bauɗaɗɗiyar ƙafa, aka ba wasu bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam kaɗai, wasu duka biyun, aka buga sakamakon a 1999, waɗanda suka samu kalsiyam sun fi warkewa nesa ba kusa ba. Yaran wajen miligiram 200 kawai suke samu a abincinsu a rana. Abincinmu tuwo ne da kunu da shinkafa, masara da gero da dawa kuma suna da wani sinadari da ke riƙe ɗan kalsiyam ɗin da ke ciki ya hana hanji ɗauka, sannan in kalsiyam yayi kaɗan jiki sai ya dinga cinye bitamin D ɗinshi da sauri. Babba na buƙatar wajen miligiram 1,000 a rana, kofi ɗaya na madara ko nono wajen 300. Mu kuma Allah ya mana arziƙin nono a Gombe, kindirmo, fura da nono, a tabbatar dai an dafa madarar kafin a kwantar. Ga miyar kuka, ga zogale, ga riɗi, ga ƙananan busassun kifin nan da ake dakawa har da ƙaya a zuba a miya, na dam ɗin Dadin Kowa ma ya isa. Nonon shanu bitamin D ɗinshi ba yawa, kalsiyam ɗin ake nema a wajenshi.

Akwai tambayar da zan miki ki amsa wa kanki, ko ki amsa wa likita tsakaninki da Allah. Kina shan sha-ka-fashe? Ƙwayar deksa ɗin nan da mata ke sha don ƙiba da cika, tana cinye ƙashi, tana hana jiki ɗaukar kalsiyam, in kina sha kuma kin daɗe kada ki yanke rana ɗaya, ki faɗa wa likita ya sauke ki a hankali. Magungunan farfaɗiya irin fenitoyin da karbamazefin, da rifamfisin na tarin fuka, da wasu na HIV, su ma suna sa jiki ya ƙone bitamin D da wuri, su ba a dainawa, sanar da likita ake. Ƙiba ma haka, kitse yana riƙe shi ya hana shi yawo a jini, shi yasa mai jiki takan buƙaci fiye da siririya. Mai ciwon hanta ko ƙoda kuma tunda nan ne ake sarrafa shi, nata lissafin daban ne.

Kada kuma bayan kin ji sauƙi ki zama 'yar tallan bitamin D a guruf ɗin WhatsApp, don na ga masu saida kayan gyaran jiki sun mayar da shi maganin komai, daga kansa har rashin haihuwa. A Amurka an ba mutum kusan 26,000 ko dai IU 2,000 kullum ko ƙwayar da ba komai a ciki, aka bi su wajen shekara 5, sakamakon ya fito a 2018, bai rage kamuwa da kansa ko ciwon zuciya ba, daga baya aka duba karaya ita ma bai rage ba, don yawancinsu dama nasu bai yi ƙasa ba. Mai ƙaranci irinki shi yake yi wa aiki.

Da maigida, ki bar gardamar rana. Ki ce mishi Alhaji gaskiyarka ne rana kam akwai, ni ce bana shiga, ki nuna mishi takardar, in da hali ku je wajen likitan tare ya ji da kunnenshi, maza sun fi yarda in wani namijin ko mai farar riga ya faɗa. Hajiya kuma kada ki ce mata ba sanyi bane, ki ce Mama likita ma yace sanyin ne ya tayar da shi, ya bada magani yace kuma in dinga shan hantsi. Sai ki shimfiɗa mata tabarma ku zauna tare, don ita ta ma fiki buƙata, fatar tsoho abun da take haɗawa yana iya raguwa da rabi ko fiye in aka gwada da ta matashi, ga zaman ɗaki, ga karayar ƙugu da ke kwantar da tsofaffinmu daga ɗan zamewa a banɗaki.

Sauƙin ba dare ɗaya zai zo ba, ƙarfin cinya yakan fara dawowa cikin 'yan makonni, ciwon ƙashi kan ɗauki watanni. Bayan kamar wata uku ki koma a sake aunawa. In lambar ta hau amma jikin na nan yadda yake, kada ki ƙara ƙwaya, ki nemi a duba yawan jininki don ƙarancin jini bayan haihuwa ya zama ruwan dare, a duba suga da maƙoƙo da ƙoda, in baki san jinotayif ɗinki ba shi ma a duba, ki kuma gyara kujerar ɗinkin nan don sunkuyon awa shida kan keke shi kaɗai ya isa ya kashe baya. In kuwa kika ji yatsu ko gefen baki na dindiris, hannu na ƙandarewa, ko ƙafa ta ƙi ɗaukarki, ko ciwo ya tsaya wuri ɗaya a ƙashi ko taɓawa ba kya so ayi, wannan ba na jiran wata uku bane, a ranar za ki tafi asibiti, babban asibitin koyarwa na tarayya ko na ƙwararru duk wanda ya fi miki kusa, ki riƙe takardar gwajin da kwalin maganin a jaka.